Ƙwaryar Ƙuri'a da Ɗorawar Kan Iyaka

Duk shekara idan lokacin binciken kammala karatu ya zo, sai an turo mini ɗalibai su jeru a kan bencin ƙofar ofis, su gaishe ni, su yi mini tambaya guda: "Anti Ma'u, mutum nawa zan yi wa tambayoyi?" Suna tambayar ne kamar mai tambayar ƙarfe nawa, suna jiran in dubi tsintsiyar hannuna in ba su amsa. Bana wata 'yar fara mai gilashi ta ƙara da cewa, "Ai aikin naku ba wuya, Anti. Ku shiga ƙauye, ku sha fura, ku danna rikoda."

Furar gaskiya ce, mun sha. Sauran ne nake so in ba ku labarinsa, ku da za ku shigo bayanmu.

Sana'ata ita ce taimaka wa masu bincike a kan sulhu, wato yadda mutanen ƙauyukan Batsari da Safana suke kashe rigimarsu ba tare da an je kotu ba. Ban tsufa ba, amma a aikinmu ba da furfura ake auna tsufa ba, da takalman da mutum ya kashe ake aunawa, ni kuwa na kashe da dama. Sunayen mutanen da zan ambata ba nasu ba ne. Wannan ita ce ƙa'idar farko da ake koya mana.

Dakta Binta ce ta koya mini aikin, kuma ba don ƙoƙarina ta ɗauke ni ba. A ajinta ni ce mai kallon taga. Wata rana ta kama ni ina rubuta baitoci a gefen littafi game da wata kurciya da ke kan wayar lantarki, ta karanta a tsaye, ta mayar mini. "Waƙar ba ta da daɗi," in ji ta, "amma kin ji kukan kurciya a cikin surutun aji guda. Kunnenki nake so. Kuma maza ba sa shiga gidajen mutane, ke za ki shiga."

Darasina na farko a kasuwar Batsari aka yi shi, a layin masu hatsi. Ta tsayar da ni a bayan wani ɗan kasuwa da ke duba buhun gero da ɗan ƙarfen nan mai rami da ake soka buhu da shi. Ya soka a baki, ya zuba a tafi ya duba. Ya soka a tsakiya. Ya sunkuya ya soka a gindi.

"Me ya hana shi zazzage buhun duka?" in ji Dakta.

Na ce da sai kasuwa ta tashi bai gama ba.

"Me ya hana shi tsayawa a baki?"

Na ce mai buhu ya san baki ake dubawa, can zai zuba mai kyau.

"To kin gama rabin karatun. Abin da ya zuba a tafinsa shi ne samfur. Sauran rabin kuwa shi ne wanda ɗalibai suke tsallakewa: kafin ya soka, ya san buhun da yake dubawa. Bai juya ya soki na maƙwabci ba. Buhun shi ne jama'ar bincikenki. Idan ba ki san inda buhunki ya fara da inda ya ƙare ba, ko sau dubu kika soka, iska kika ɗiba."

A ƙauyen Yasore na fara gane cewa ɗinka wannan buhu ya fi sukarsa wuya. Mun rubuta a takarda cewa jama'armu ita ce duk baligin da ya taɓa yin rigima da wani. Na yi sallama a gidan farko, wata tsohuwa ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa har muka gaji, na tambayi gida da yara da sanyi da gajiya, sannan na karanta tambayata.

"Rigima?" in ji ta, ta dafe ƙirji. "A gidan nan? Allah shi kiyashe mu, ɗiyata."

A daidai lokacin surukarta tana tsaye a jikin danga, ita da maƙwabciya suna ta faman ɗaga murya a kan akuyar da ta cinye shanyar kuɓewa, har an kai ga ambaton kakanni. Na nuna da baki, na ce, "Inna, waccan fa?"

"Wannan ai hira ce."

Gida bayan gida haka. Na dawo da takardu fes kamar yadda na tafi da su. Washegari Dakta ta sauya tambayar, ta ce in tambaya ko an taɓa yi wa mutum ba daidai ba. Wannan karon tsohuwar nan da ba ta san rigima ba ta gyara zama, ta faro tun daga wata tukunya da aka ara a zamanin uwarta, batirin rikoda ya mutu ba ta iso kan aurenta ba. Dakta ta saurara ta ce, "Jiya buhunmu ba komai a ciki, yau kuma ba shi da gindi." Sai muka zauna muka yi wa gonar shinge: baligi, mace ko namiji, mazaunin ƙauyen, wanda maganarsa ta kai gaban maigari ko liman ko mai unguwa aka yi sulhu, kuma abokin rigimar yana raye. Kowace kalma a cikin wannan jimla sai da muka yi zufa a kanta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Rikoda ƙarama da batir na ajiya, don ƙauye ba ya jiran caji. Takalmi maras tsini. Hijabi mai duhu, don fari ba ya jure bayan babur. Goro ga dattawa. Kalkuletar Dakta, wadda take lissafin yawan samfur da ita, tana bayani tana dannawa: idan hatsin buhu iri ɗaya ne, suka kaɗan ta isa, idan garwaye ne sai an ƙara, idan kana son tabbaci mai ƙarfi sai ka ƙara kuma, sannan ka ɗora wani abu a kai saboda waɗanda za su ƙi magana da waɗanda suka tafi ci-rani. "Adadi ba ya faɗowa daga sama," takan ce, "kuma ba a aro shi daga littafin ɗalibin bara." Sai kuma abin da na fi so, wata ƙwarya mai zanen tsuntsaye da muka samo a kasuwar Safana. A cikinta muke zuba sunaye a ƙananan takardu a naɗe, a girgiza, liman ya sa hannu ya zaro. Kwamfuta tana iya yin zaɓen cikin ƙiftawar ido, amma babu dattijon da zai yarda da sunan da ya fito daga cikin waya. Ƙuri'a kuwa sun san ta tun daga rabon naman watanda.

Muguwar shekara ita ce wadda hanyoyi suka rufe. Mun zaɓi ƙauyukanmu, mun yi lissafinmu, muka je wani muka tarar da ƙofofi an tare su da ƙaya, kaji kaɗai ke yawo a dandali. 'Yan bindiga sun tashi garin. Mutanen da muke nema suna cikin Batsari, wasu a zauren dangi, wasu a ajin makaranta. Takardarmu ta ce "mazaunin ƙauyen", ga su kuma ba a ƙauyen ba. Na tambayi wani tsoho a ina yake zaune, ya dube ni ya ce, "Can nake zaune. Ƙafafuna ne kawai suka zo nan." Dakta ta soke kalmar, ta rubuta "wanda gonarsa take can". Duk da haka ba mu yi aikin ba. Mutumin da bai san inda zai yi shuka ba, ba a tambayarsa labarin akuya da kuɓewa. Muka naɗe takardu muka koma gida, ƙwaryar ta shekara a kife.

Aikin da nake so ku riƙe shi ne wanda muka yi da bazara, bayan an ɗan samu sauƙi, a wani ƙauye da ke bayan garin Zakka. Maigari ya zauna a ƙofar gidansa yana zano rigingimun da aka sasanta daga kansa, liman yana gyara masa, ni ina rubuta kowane suna a takardarsa. Muka zuba a ƙwarya a gaban jama'a. Liman ya yi bismilla ya dinga zarowa har adadin Dakta ya cika. A cikin waɗanda suka fito har da wani dattijo mai suna Malam Sada. Sunan Malam Iro, abokin rigimarsa, ya zauna a gindin ƙwarya. Aka yi addu'a aka tashi.

Labarinsu ba sirri ba ne, ko yaron da ya fara wayo a garin ya san shi. Wata babbar ɗorawa ce a kan iyakar gonakinsu, gindinta a gonar Sada, rassanta kuwa kusan duka sun karkata gonar Iro. Sada ya ce bishiya ta mai saiwa ce. Iro ya ce inuwarta ke kashe masa gero, wanda ya sha wahalar inuwa shi ya cancanci 'ya'ya. Sai da aka kai ga ɗaga sanda. Mahaifin Maigarin yanzu ne ya raba su: shekara guda gidan Sada ya kaɗa, shekara guda gidan Iro. Tun daga nan sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. A shekarar da muka je, rabon Sada ne, ɗorawa ta nuna ta bushe tana rinjaye rassa, matarsa Inna Tumba, wadda daddawarta ake nema har Safana, ta riga ta wanke tukwanen dafa kalwa.

Na yi hira da Malam Sada da hantsi a zaurensa. Ya sa sabuwar riga mai ƙanshin adaka, ya gyara murya, ya yi magana har ya ƙoshi. Na koma masauki ina ganin rana ta yi kyau.

Da safe aka ce Maigari yana kira. Muka tarar da dandali a cike. Ashe tun da gari ya waye Malam Iro ya ɗauki buzunsa da sandarsa ya je ya zauna a gindin ɗorawa, matan gidan Sada sun zo da dogayen gorori masu ƙugiya, ya ce babu mai taɓa ko silli ɗaya. Da ƙyar aka taso shi, shi ma sai da ya bar ƙanensa yana gadi.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam Iro, wani siririn tsoho mai idanu kamar na shaho, "ni ban tada magana ba. Maganar da mahaifinka ya binne, an zo da na'ura an tone. An ji ta bakin Sada, an ɗura a ɗan akwati, za a kai Katsina. Daga Katsina wa ya sani? A can za a buɗe, manyan mutane su ji Sada shi kaɗai shina magana, ni kuwa kamar na mutu. Tunda an buɗe magana, to sulhu ya kwance. A sake zama."

Dakta ta rusuna ta ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, mu ba shari'a muke yi ba. Ƙuri'a ce, a gabanka aka zaro."

"Hajiya, ƙuri'a nama aka rabawa da ita. Kin taɓa ganin an raba kunne da ƙuri'a?"

Malam Sada ya taso daga gefe. "Kai Iro, ji tsoron Allah. Ni na ce a zaɓe ni?"

"Ba ka ce ba. Amma da anka zaɓe ka ai sabuwar riga ka sa. Rigar da ko sunan jikana ba ka sa ba."

Dandali ya fashe da dariya, Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juyo gare mu, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Ya ce a garin nan duk wanda ya ara wa mai rigima kunnen dama, to na hagu na abokin rigimar ne, ko da maganar ta shekara nawa a binne. Shi kansa idan Sada ya tare shi a hanya ya ambaci ɗorawa, sai ya bi ta ƙofar Iro kafin ya shiga gida. Ya ce bai yi tunanin abin ba ranar ƙuri'a, don ya ɗauka lissafin mutane kawai za mu yi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi gabas. Iska ta juya, hadari ya fara leƙowa da yamma-yamma. Idan ruwa ya sauka a kan busasshiyar ɗorawa tana bisa, an yi asarar kalwar bana. Idan kuwa gidan Sada ya rasa shekararsa saboda Iro, babu wanda zai iya sake ɗaura wannan sulhu.

Muka koma gefe, ni da Dakta. Na ce, "Dakta, mu ƙara shi mana, mutum ɗaya ne."

"In zura hannu a ƙwarya in zaro wanda ya fi kowa ɗaga murya? To mene ne bambancina da mai zuba gero mai kyau a bakin buhu? Kuma kina ganin waɗancan?" Ta nuna wasu dattawa da wata tsohuwa da suka matso suna kasa kunne. "Duk sunayensu na gindin ƙwarya. Jira suke su ga yadda za a yi da Iro."

Na ce to mu yi masa hira ta girmamawa, mu ajiye ta daban, kada ta shiga lissafi.

Ta dube ni ta saman gilashi. "In zaunar da sa'an ubana in yaudare shi? Ba da ni ba."

Sai ta koma ta gwada wata hanya. Ta ce za ta goge hirar Malam Sada a gaban kowa, a koma kamar ba a yi ba. Malam Iro ya fara gyaɗa kai, sai Malam Sada ya miƙe tsaye, rigar jiya tana jikinsa. "A goge ni? Ni da Allah ya fiddo sunana ta hannun liman? Wallahi ba a goge ni ina raye." Daga bayan katanga kuma muryar Inna Tumba ta tsallako: "Ke 'yar boko mai akwati! Ku goge wanda za ku goge, ni kalwata nike so!"

Dakta ta ce a ba mu zuwa azahar. Ta ce mini, "Zo mu ga wannan bishiya da ta fi ƙarfin kalkuleta."

Muka bi hanyar gonaki cikin zafin rana. Ban taɓa ganin ɗorawa irinta ba. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasar wani, ta miƙa hannuwanta duka a kan ƙasar wani, sillayenta suna reto suna ƙara kamar ana girgiza caki. Ƙanen Malam Iro da aka bari gadi ya yi barci a inuwarta. Na tsaya ina kallo, na manta da abin da ya kawo mu, har bakina ya suɓuce na ce, "Dakta, ƙwaryarmu ta ɗauki gindin bishiya ta bar inuwarta."

"Ke Asma'u, ba lokacin waƙa ba ne."

Ta yi taku kaɗan ta tsaya. Ta dubi gindin, ta dubi inuwar. Sai ta zauna a kan wata saiwa, ta cire gilashi, ta fara dariya har da riƙe ciki.

"Me muka zo bincike?" in ji ta.

Na ce sulhu.

"Mutum ɗaya yana sulhu?"

Na ce a'a.

"To me ya sa muka cika ƙwarya da mutane? Ba mutane ne hatsin buhunmu ba, rigingimu ne. Kowace ƙwaya ɗaya, baki biyu." Ta ciro kalkuleta ta ɗan danna, ta yi tunani, fuskarta ta washe. Ta ce ba sai an sake ƙuri'a ba ma. Kowace rigima da takarda biyu ta shiga ƙwarya, babu wadda aka fifita a kan wata, saboda haka duk sunan da liman ya zaro, rigimarsa ce ta fito, abokin rigimar kuma ya biyo ta. Babu hannun da aka zura, babu wanda aka yaudara. Abin da ya sauya kawai shi ne aikinmu ya kusa ninkawa, kuma sai mun sake lissafin adadi da rigingimu. "Takalmanki nawa kika zo da su?" in ji ta.

Bayan azahar Maigari ya sanar cewa duk wanda sunansa ya fito, za a ji abokin rigimarsa shi ma. Dattawan nan na gefe suka watse da sauri, kowa ya nufi adakarsa neman rigar sawa. Malam Iro kuwa ya kafa sharuɗɗa. Tabarmar da aka shimfiɗa wa Sada ita za a shimfiɗa masa. Da hantsi aka ji Sada, shi ma da hantsi za a ji shi, ba zai karɓi ragowar yini ba. Kuma an gaya masa Sada ya yi magana har inuwar zaure ta janye ta bar gindin turmi, shi ma sai ta janye. Ɗorawa ta ƙara kwana a bisa. Da la'asar hadari ya haɗu ya yi baƙi, ya yi gunaguni, ya wuce kudu. Inna Tumba ta aiko mana da tuwo ba tare da ta aiko da gaisuwa ba.

Da hantsi na yi sallama a zauren Malam Iro. Ya sha wata shuɗiyar riga da rawani, an kawo turmi an ajiye a inda ya dace. Muka gaisa. Na karanta masa bayanin cewa ba dole ba ne, kuma ba za a faɗi sunansa ba.

"A faɗa," in ji shi.

Na ce ƙa'ida ta hana. Na danna rikoda na ajiye a gabansa. Ya sunkuya ya dube ta da kyau.

"Ɗiyata, mi Sada ya ce?"

"Baba, ba a faɗa. Kamar yadda naka ma ba za a gaya masa ba."

"Madalla. Haka ya kamata." Ya gyara rawani, ya matso da bakinsa kusa da rikoda, ya ɗaga murya don na Katsina su ji. "Duk abin da Sada ya faɗa, haka anka yi. Bakinsa da kaushi, amma ba ya ƙarya."

Ya koma ya jingina, ya ɓare goro.

Na jira. Na ce, "Baba, sai naka."

"Na faɗa."

Na dubi takardar tambayoyina, na daure na karanto guda: ko ya gamsu da sulhun da aka yi?

"In ban gamsu ba mi zan yi? Ko shekarar da ba tawa ba ce, Tumba ta kan aiko mana da daddawa. Shekarata kuma ita muke kai wa kalwar, matan gidana ba su iya ba."

Na ce, "To Baba, ashe daddawarka ka je ka tsare."

"Daddawa daban, kunne daban."

Ya ci gaba da taunar goronsa. Na miƙa hannu zan kashe rikoda, ya ɗaga sanda. "Kul. Inuwa ba ta bar turmi ba."

Haka muka zauna, ni da shi da turmi, muna kallon inuwa tana ja da baya kamar mai jin kunya.

Saboda haka, ke mai gilashi da ku 'yan benci, idan kun zo kun tambaye ni mutum nawa, kada ku ji haushi in na mayar muku da tambaya. Mene ne hatsin buhunku? Ina bakinsa, ina gindinsa? Idan kun zaro wannan, wa kuka bari a gindin ƙwarya, kuma shin zai yarda ya zauna a can? Ku amsa waɗannan, kalkuleta za ta ba ku adadi kafin furarku ta kwanta. Mu a wancan ƙauye mun ƙara makonni a kan abin da muka tsara, na koma gida da takalmi a hannu, Dakta kuma ta samu babi guda da ta fi alfahari da shi a duk rahoton.

Hirar Malam Iro tana nan a ajiye tare da sauran, kuma ita ce mafi sauƙin rubutawa a duk aikina, ko shafi ba ta cika ba. Amma nakan saurare ta har ƙarshe. Bayan maganar daddawa ba ka jin komai sai taunar goro, da kurciya a kan katanga, da iska tana ƙara nauyi. Can sai ka ji tsawa daga nesa. Sai ƙarar tabarma, alamar ya leƙa ya ga turmi ya fito rana. Sai muryarsa, ya juya baya ga rikoda yana ƙwala wa na waje kira:

"Kai! Ku ce wa matan gidan Sada su ɗauki ƙugiya su tahi! Hadari ya taso, sun tsaya suna kallon mutane. Wanga irin sakaci, in ruwa ya ɓata ɗorawa wa za su ce ya ja?"